Bakwaini da Doguwar Hanyar Kama Nono

Jaririn da ya cika watanninsa tara, ana ɗora shi a ƙirjin uwarsa zai fara lalube da baki, sau da yawa kafin awa guda ya kama nono. Ba wanda ya koya masa, shi ya sa ba mu cika ganin girman aikin da yake yi ba. Abubuwa uku yake haɗawa a lokaci ɗaya: tsotsa, haɗiya da numfashi. Kowanne sai ya ba ɗan'uwansa hanya, tunda ta maƙogwaro guda abinci da iska ke wucewa. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi ba ta iya jera waɗannan ukun bi da bi sai ciki ya kai kamar mako 32 zuwa 34.

Bakwainin da ya sauka kafin nan, in aka zuba masa nono a baki sai ya ƙware, nonon ya bi hanyar huhu. Wani kuma ya ɗauke numfashi yana cikin sha. Wani ya ja sau uku ko huɗu ya gaji ya ɓingire da barci, ƙarfin da ya kashe ya fi abin da ya samu. Ga hanji bai ƙosa ba, ga fata siririya babu kitse a ƙarƙashinta, sanyi kaɗan sai ya ƙone ɗan sukarin da ke jikinsa wajen neman ɗumi. Duk wata dabarar da likitoci da ma'aikatan jinya ke yi a kan ciyar da shi da rainonsa, manufarta ɗaya ce: a tsallakar da shi waɗannan makonnin da ya kamata a ce yana cikin mahaifa yana cin abincinsa ta cibiya.

Matsalar ba ta gida ɗaya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙirga duk jaririn da aka haifa kafin cikar mako 37 a cikin bakwaini, kuma ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi irinsu miliyan 13.4, kusan ɗaya cikin kowane goma. Nijeriya ce ta uku a yawansu, bayan Indiya da Pakistan, da sama da 770,000 a waccan shekara. Matsalolin da ke biyo bayan haihuwa kafin lokaci su ne kan gaba wajen kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 a duniya. Mafi yawan bakwaini kuwa ba su ne 'yan mitsi-mitsin da sai da manyan na'urori suke rayuwa ba. An haife su ne tsakanin mako 32 da 37, kuma cikin manyan abubuwan da ke halaka su akwai sanyi, yunwa da ƙwayoyin cuta. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, domin ukun nan duk akwai yadda za a yi da su.

Tarihin kula da bakwaini ya ɗan yi kwana-kwana kafin a zo inda ake yau. A birnin Faris, wajen 1880, likita Stéphane Tarnier ya kwaikwayi akwatin ƙyanƙyasar kaji ya sa aka ƙera kwalbar jarirai, mutuwa ta ragu ƙwarai. Ɗalibinsa Pierre Budin tun a lokacin ya lura cewa uwar da aka raba ta da jaririnta, ba ta shayar da shi, ba ta taɓa shi, zuciyarta kan yi sanyi a kansa, don haka ya dage a bar iyaye mata kusa. Waɗanda suka biyo baya ba su riƙe wannan ba. A tsakiyar ƙarni na 20, tsoron ƙwayoyin cuta ya sa asibitocin Amurka da Turai suka hana iyaye shiga ɗakin, sai dai leƙe ta gilashi. An kuma yi yayin hana bakwaini komai na kwana biyu ko fiye don gudun ƙwarewa, aka cutar da yara da yunwa. An riƙa tura iskar oksijin ba awo, dubban yara suka makance kafin a gano dalili a farkon shekarun 1950. Mawaƙin Amurka Stevie Wonder, wanda aka haifa bakwaini a 1950, yana cikinsu. Yawancin ci gaban da aka samu daga baya a fannin ciyarwa da raino, maido uwa ne wurin da aka kore ta.

Nonon uwa shi ne magani na farko. A 1990 Alan Lucas da Tim Cole suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan bakwaini 926 a Ingila, game da wata muguwar cuta da ke kumbura hanjin jariri har wani sashe ya ruɓe. Sun tarar cewa ta fi kama waɗanda aka ciyar da madarar gwangwani zalla, ninki 6 zuwa 10, a kan masu shan nonon mutum zalla. Cutar nan tana kisa, wanda ya tsira ma wani lokaci sai an yanke masa hanji. Nonon matar da ta haifi bakwaini kuma, a makonnin farko, ya fi na wadda ta cika wata yawan sinadarin gina jiki da abubuwan kariya, daidai da buƙatar ɗan nata.

Sai batun dakashi. Har yanzu akwai gidajen da ake matse shi a zubar, wai nono ne mara kyau, a riƙa ba jariri ruwa ko madarar dabba kafin farin nono ya kawo. Ga jariri mai ƙoshin lafiya ma asara ce, balle bakwaini. A ɗakunan jarirai na zamani, ko wanda bai isa haɗiyar komai ba, ana ɗiga masa ɗigo ɗaya ko biyu na dakashi a cikin kumatu, ya jiƙa bakin da abubuwan garkuwar da ke ciki. Wahalar ita ce uwar bakwaini ba ta da mai ja mata nonon, kuma nono in ba a cire shi ba, ƙafewa yake. Dole ta fara tatsa cikin awoyin farko bayan haihuwa, ta riƙa yi kamar sau 8 a dare da rana, har da tsakar dare. Ranar farko abin da za ta samu bai cika cokalin shayi ba. Nan ne mata da yawa ke karaya su ce ba su da nono, kaka kuma ta aika a sayo gwangwani. Alhali cikin jaririn ma a ranar bai fi ƙarfin ɗan wannan ba. Ma'aikaciyar jinyar da za ta zauna minti goma ta nuna wa mai jego inda za ta ɗora babban yatsa da manuni, a bayan baƙin da ya kewaye kan nonon, ta danna ciki wajen ƙirji sannan ta matsa, ta yi aikin da ya fi allurai da yawa.

Nonon da aka tatsa, ta siririyar roba yake isa ciki. Ana zura ta ta hanci ko ta baki har tumbi, a manne ta da filasta a kumatu. Kafin kowace ciyarwa sai an tabbatar tana inda ya kamata, ba ta zame ta nufi huhu ba. Sannan a ɗaura sirinji a bakinta, a cire abin turawar, a zuba nonon a ɗaga sama kaɗan, ya riƙa gangarawa da kansa a hankali. Ga ƙaramin bakwaini, farawa ake yi da mililita 1 ko 2 duk bayan awa 2 ko 3, don a tada hanjin ya saba da aiki, sauran buƙatarsa kuma ta bi ta ƙarin ruwa. An daɗe ana gardama kan saurin da ya kamata a riƙa ƙarawa. Wani babban bincike da aka buga a 2019, a kan jarirai kusan 2,800 a Birtaniya da Ailan, ya gwada ƙarin mililita 30 da na 18 a kan kowane kilo a rana, bai ga bambanci ba wajen rayuwa ko naƙasa a shekara 2. Wato ana iya ƙarawa da sauri, wannan kuwa albishir ne ga asibitocinmu, inda abincin jijiya ke da tsada da wuyar samu, kuma kowace ranar da allura ta ƙara a jikin jariri ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Burin shi ne a kai kamar mililita 150 zuwa 180 a kan kowane kilo a rana, jariri ya riƙa ƙara giram 15 ko fiye a kan kowane kilon nauyinsa kullum.

Iyaye da yawa suna tsoron robar nan. A wurinmu, in aka ce an sa wa mara lafiya robar hanci, ana ɗauka jiki ya yi tsanani, har wasu su nemi sallama da ƙarfi. Za ka ji kaka ta ce, "Sista, don Allah a cire masa abin nan, ai zai sha da bakinsa." Amsar da ta dace ita ce, "Inna, bakin ne bai iya ba tukuna. Nonon 'yarki ne dai ke shiga, hanya kawai muka sauya masa." In aka yi bayani haka, aka kuma miƙa wa uwar sirinjin ta riƙe da hannunta, yawanci hankali kan kwanta.

Daga roba zuwa nono mataki-mataki ake bi, kuma nan ne ƙwarewar masu jinya ke bayyana. Tun yana kan roba ake ba shi abin tsotsa: nonon uwarsa bayan ta tatse shi, ko yatsa mai tsabta, ko ƙaramar robar tsotso. In ya tsotsa daidai lokacin da nono ke gangarawa cikinsa, yana koyon cewa motsin baki da ƙoshi tare suke tafiya. Binciken da aka tattara ya nuna wannan na rage kwanakin da yake ɗauka kafin ya koma ci da baki, yana kuma rage zaman asibiti. Akwai kuma ɗan tausa na musamman da ake yi da yatsa a kumatu, leɓe, dasashi da harshe. Sandra Fucile da abokan aikinta sun gwada na minti 15 a 2002, daga baya ma'aikaciyar jinya Brenda Lessen ta tsara gajere na minti 5 don ƙananan da ba sa jure dogo. Alamu sun nuna yana taimakawa, sai dai binciken ƙanana ne, kuma aiki ne na wanda aka horar. Kada wani ya karanta wannan ya je yana cusa wa bakwaini yatsa a gida.

Sai kofi. Ana naɗe jaririn don kada hannunsa ya buge, a zaunar da shi a ɗan kishingiɗe a cinya, tafin hannu na tallafe da ƙeyarsa. A ɗora bakin ƙaramin kofi a leɓensa na ƙasa, a karkata har nonon ya taɓa leɓen, sai a tsaya. Za ka ga ɗan harshen ya fito yana lasa, ya haɗiye, ya huta, ya sake. Ba a ɗura masa. Mai ba shi ido take zubawa a fuskarsa: in launinsa ya sauya, ko ya ware yatsu, ko ya kau da kai, ko shaƙuwa ta kama shi, ko numfashi ya tsaya, to ya ce ya isa. A Indiya suna amfani da wani ɗan kofi mai baki kamar na buta da suke kira paladai. Kofi ya fi fida a wurinmu, domin wanke shi ba wuya, kuma jariran da aka bi da su ta kofi sun fi ci gaba da shan nono bayan sallama. A da ana auna nasara da shanye abin da aka zuba, ko da an yi ta jijjiga fidar a bakin jariri mai barci. Yanzu an gane cewa wanda aka saba tilasta masa kan tashi da ƙin abinci, wani har bayan yaye ana fama da shi.

Duk waɗannan dabaru sun fi tafiya daidai in jaririn yana manne a jikin uwarsa. A 1978, a wani babban asibitin haihuwa a Bogota, babban birnin Kolombiya, jarirai sun yi wa kwalabe yawa har ana haɗa biyu ko uku a guda, cuta na yawo a tsakaninsu. Likita Edgar Rey Sanabria ya fara ɗora su a ƙirjin iyayensu mata, fata da fata, dare da rana, Héctor Martínez ya ci gaba da aikin tare da shi. Aka sa wa tsarin sunan kangaru, dabbar Ostareliya mai ɗaukar ɗanta a aljihun ciki. Jariri ba ya sanye da komai sai nafkin, hula da safa. A tsaye ake ɗora shi tsakanin nonuwa, kansa ya juya gefe ɗaya, haɓarsa a ɗan ɗage don hanyar iska ta buɗe, ƙafafu a lanƙwashe, a ɗaure da zani daidai ƙasan kunnensa, uwar ta sa riga mai buɗewa ta gaba. Jikinta na riƙe masa ɗumi tsakanin digiri 36.5 da 37.5 ba ruwansa da ɗauke wuta. Numfashinsa kan daidaita, barcinsa ya yi nauyi, nono ya ƙara kawowa, kuma duk lokacin da ya farka yana jin ƙamshinsa a gaban hancinsa.

Shekaru da dama ana jira sai jariri ya warware kafin a fara masa wannan goyo, ga shi kuwa yawancin masu mutuwa a kwanakin farko suke tafiya, kafin su kai ga warwarewar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranci gwaji a ƙasashe biyar, Gana, Indiya, Malawi, Nijeriya da Tanzaniya, a kan jarirai 3,211 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. A Nijeriya asibitin koyarwa na Ile-Ife ne ya shiga, a Gana kuma na Komfo Anokye da ke Kumasi. Rabi aka fara musu goyon nan take bayan haihuwa, ko da suna kan oksijin da ƙarin ruwa, suna samun kusan awa 17 a rana a ƙirji. Rabi aka bi da su yadda aka saba. Cikin kwana 28, kashi 12 cikin 100 na rukunin farko suka rasu, na biyun kuma kashi 15.7. Bambancin ya fito fili har aka dakatar da gwajin kafin wa'adinsa. An buga sakamakon a 2021, a Nuwamban 2022 kuma hukumar ta sauya shawararta: a fara nan take, awa 8 zuwa 24 a rana.

Akwai wani abu a cikin gwajin nan da ake yawan tsallakewa in ana yabonsa. Asibitocin sai da suka sake fasalin ɗakunan, aka shigo da gadon uwa cikin ɗakin jarirai masu tsananin jinya, aka tanadar mata abinci, banɗaki da mai duba lafiyarta ita ma. Oksijin na nan, na'urar taimakon numfashi na nan, maganin ƙwayoyin cuta na nan. Don haka ba na jin daɗi in na ji jami'i yana tallan goyon ƙirji da cewa kyauta ne. Matar da ta haihu jiya, wataƙila ma aiki aka yi mata, ko hawan jini ne ya sa aka ciro cikin, a ce ta kwana a kishingiɗe makonni da jariri ɗaure a ƙirji, tana tashi tatsa duk bayan awa 3. Wani ne ke biyan wannan, kuma ita ce. In asibiti ya bar ta tana kwana a baranda kan tabarma, ana kiranta ta miƙo nono ta taga, to bai fara aikin ba ma.

Wani lokaci uwa ta rasu, ko tana kwance ba ta san inda take ba, ko nonon bai isa ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga ƙananan bakwaini ita ce nonon wata mace kafin a je ga gwangwani. Ƙasashe da yawa suna da ma'ajiyar nono, inda ake gwada jinin masu bayarwa, a dafa nonon a digiri 62.5 na minti 30, a daskarar. Brazil tana da sama da 200, Kenya ta buɗe tata a asibitin Pumwani da ke Nairobi a 2019. A wurin Musulmi maganar tana da sarƙaƙiya, saboda shayarwa na haramta aure. A mazhabar Malikiyya da muke bi, nonon da ya isa cikin yaro a shekara biyun farko yana ƙulla 'yan'uwantaka ko da kaɗan ne, ko da kuma ba ta tsotsa ya shiga ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta hana kafa irin waɗannan ma'ajiyoyi a 1985, saboda ana gauraya nonon mata da yawa ba a san na wace ce ba, ko da yake Sheikh Yusuf al-Qaradawi da wasu malamai sun ga halascinsa. Wasu asibitoci a Kuwait da Malesiya sun bi wata hanya: mace ɗaya sananniya ta ba jariri ɗaya, iyalan biyu su san juna, a rubuta a ajiye. A ganina wannan ce ta dace da mu. Shayar da ɗan 'yar'uwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Abin da za a ƙara shi ne gwajin ƙanjamau da ciwon hanta, dafa nonon yadda ya kamata, da rubutaccen shaida. Zama ne da ya kamata likitocin yara da malamai su yi tare, kuma an makara.

In dole ta sa aka koma ga madara, akwai wadda aka haɗa musamman don ƙananan bakwaini, kuma likita ne zai tsara. Garin madara ba a tsarkake yake daga ƙwayoyin cuta ba, ga matsalar ruwa, ga jarabar tsinka ta don gwangwani ya daɗe.

Ciyarwa rabin aikin ne. A mako 34 ƙwaƙwalwar ɗan tayi ba ta wuce kashi biyu cikin uku na nauyin da za ta kai a wata tara ba, saura a waje za ta ƙarasa. An shirya mata yin wannan girma cikin duhu da ɗumi, jiki a dunƙule, sauti na zuwa a tausashe. Sai ga ta ƙarƙashin fitila, ƙararrawar na'ura na kaɗawa, ana buga murfin kwalba, ana huda dunduniya ana ɗibar jini. Heidelise Als, wata masaniya a Boston, ita ce tun shekarun 1980 ta koyar da ma'aikata su riƙa karanta halin jariri su tsara aiki a kansa: a lulluɓe kwalba da zani, a rage murya, a naɗe tawul a kewaye shi don ya samu abin tokarawa, a haɗa ayyukan jinya lokaci guda don ya samu dogon barci. Bincike bai tabbatar da cewa cikakken tsarinta na sauya basirar yaro nan gaba ba, amma ɗaiɗaikun abubuwan ba su da tsada kuma hankali ya yarda da su. Batun zafi kuwa babu gardama. Har tsakiyar shekarun 1980 ana yi wa jarirai tiyata da ɗan abin kashe zafi ko ma babu, bisa zaton ba sa ji. Suna ji. In za a huda shi, a yi yana ƙirjin uwarsa, ko a ɗiga masa nono a harshe kafin nan.

Cikin magunguna, wanda ya fi ba mutane mamaki shi ne kafeyin, sinadarin da ke cikin goro da gahawa. Ƙaramin bakwaini kan manta da numfashi, wannan kuma yana zaburar da cibiyar numfashin a ƙwaƙwalwa. Binciken da Barbara Schmidt ta jagoranta a kan jarirai kusan 2,000, wanda aka buga a 2006 da 2007, ya nuna yana rage ciwon huhu mai daɗewa da shanyewar gaɓoɓin da ke tasowa daga raunin ƙwaƙwalwa. Magani ne na asibiti da ake aunawa daidai da nauyi, kuma abin takaici yana wuyar samu a ƙasashen da suka fi buƙatarsa. Shafa man kwakwa a fata na iya taimakawa, amma ba kowane mai ba. Ƙwayoyin halitta masu amfani da ake ɗigawa don kare hanji suna da magoya baya, sai dai hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu a 2023 bayan mutuwar wani jariri, don haka ba abin saye a kemis ba ne.

Ranar sallama iyali ke ganin an gama, alhali a gida ne aka fi sakaci. Goyon ƙirji zai ci gaba har jariri ya kai kamar kilo 2.5, ko ya fara mutsu-mutsu yana ƙin zama. Wanka ba na gaggawa ba ne, musamman da hunturu, goge jiki da tsumma mai ɗumi ya wadatar. Ba ruwa, ba zuma, ba jiƙo, ba hayaƙin turare a ɗakin, ba a kira wanzami cire beli ba. Suna kuwa, ana iya yanka rago a raɗa suna ba tare da jaririn ya bi hannun mata hamsin ba, mai mura kuma ta yi barka daga bakin ƙofa. Ana ba shi ɗigon maganin ƙarin jini, domin a watannin ƙarshe na ciki ne ɗan tayi ke tara sinadarin ƙarfe, shi kuma bai samu ba. Rigakafi yana bin ranar haihuwarsa ta ainihi, ba a jinkirta shi don ƙanƙanta sai in likita ya ce. In ya ƙi shan nono, ko jikinsa ya yi sanyi, ko numfashi na sarƙewa, ko ciki ya kumbura, ko ido ya yi rawaya, ba a jiran gari ya waye.

Wajen auna girmansa kuwa lissafin daban ne. Wanda ya sauka da saura wata 2, in ya kai wata 6 a duniya, ɗan wata 4 za a ɗauke shi, haka za a riƙa cirewa har ya shekara 2. Rashin sanin wannan na sa a yi ta gwada shi da ɗan maƙwabta ana tsorata uwa, ko a fara masa kunu da wuri. Ƙananan da aka sa wa oksijin suna buƙatar likitan ido ya duba su cikin kamar wata guda da haihuwa, domin cutar da ta makantar da yaran 1950 tana nan, tana da magani in an kama ta da wuri, kuma ba a ganinta daga waje. A gwada ji. In wuya ya ƙi tsayawa bayan lokacinsa, ko gaɓoɓi sun sanƙare, ko hannu ɗaya kawai yake amfani da shi, a kai shi sashen gashi tun ƙwaƙwalwa na da taushin koyo. Nathalie Charpak da abokan aikinta a Bogota sun bi sawun yaran da aka yi wa goyon ƙirji har suka shekara 20, suka buga a 2017 cewa sun fi takwarorinsu natsuwa da ƙarancin fashin makaranta, kuma iyalansu sun fi ba su kulawa.

Saura tambayar da ba a cika yi ba kafin a bar asibiti: wa zai karɓi jaririn in uwa za ta yi wanka, ko salla, ko cin abinci, ko ta samu barcin awa biyu? Ƙirjin kaka na yi, na ƙanwa na yi, na uba ma na yi. Mun saba da goyo a baya, na gaba kuwa ana yi masa kallon baƙon abu, namiji kuma na jin nauyin a gan shi da jariri ɗaure a ƙirji, balle in ɗan fari ne. Amma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, don haka kunyar tamu ce, kuma ana iya sauke ta na 'yan makonni. Matar da ta haifi bakwaini sau da yawa tana ɗauke da zargin kanta, wani lokaci har da habaicin dangin miji cewa ta kasa riƙe ciki, ga gajiya, ga fargaba, duk kuma suna taɓa nono. Kafin a sa hannu a takardar sallama, ya kamata a kira mijin da uwarsa a zaunar da su, a nuna musu ɗaurin zanin su gwada da hannunsu, a raba awoyin dare da rana, a faɗi wanda zai ɗauke mata girki da ɗibar ruwa, a kuma rubuta musu ranar dawowa awon nauyi.